LEƘA DUNIYA: Tashar Sadarghat Da Matan Da Ke Kwana A Kan Ruwa

A wannan wata gabas za mu nausa, can ƙasar Bangaladash, kuma tasha za mu je. Tashar jiragen ruwa ce da ake kira Sadarghat, tana bakin kogin Buriganga a cikin tsohon garin Dhaka, babban birnin ƙasar. Mutanenmu na Yawuri da sauran garuruwan bakin kogin Kwara za su ce mata kwata. Sai dai wannan kwata ce da masana harkar sufuri ke lissafawa cikin mafiya cunkoso a duniya baki ɗaya.

Kafin mu shiga tashar, bari in ɗan shimfiɗa miki ƙasar, don in ba ki san ta ba za ki yi mamakin abin da ya sa mutane ke tururuwa zuwa bakin ruwa haka. Girman Bangaladash bai wuce a haɗa jihar Neja da jihar Borno ba, amma mutanen da ke cikinta sun kai kimanin miliyan 170, kuma tara cikin goma Musulmi ne. Manyan koguna uku ne suka haɗu a cikinta, wato Padma da Jamuna da Meghna, sannan suka rarrabu gida-gida kafin su zuba a teku. Saboda haka kudancin ƙasar duk tsibirai ne da rafuka da fadamu. Akwai garuruwan da tun kaka da kakanni ba su san wata hanya ba sai ta ruwa. Abin da tashar mota take a wurinmu, shi ne tashar jirgi a wurinsu.

Sunan ma yana da ɗan daɗin bayani. A harshen Bangali, ghat shi ne matakalar da ake sauka bakin ruwa, inda jirgi ke tsayawa. Sadar kuwa asalinta Larabci ce, daga kalmar sadru, wato ƙirji ko gaban abu, ta biyo ta Farisanci ta shigo musu da ma'anar babba. Kin ga ke nan Sadarghat na nufin babbar kwata. Kuma ta ci sunanta, domin birnin Dhaka a bakin wannan kogi ya girma tun farkon ƙarni na 17, lokacin da sarakunan Mughal suka mai da shi hedikwatar lardin Bangal. A 1864 wani Baturen mulkin mallaka mai suna Buckland ya sa aka gina ganuwar tare ruwa a bakin kogin, har yau da sunansa ake kiran wurin. Ɗan taku kaɗan daga tashar akwai Ahsan Manzil, fadar nan mai launin hoda ta attajiran sarakunan Dhaka, wadda aka gama ginawa a 1872, yanzu kuma ta zama gidan tarihi. A da can masu hannu da shuni ne ke fitowa shan iska a wannan gaɓa da yamma. Yau iskar da ke wurin ta hayaƙin inji ce.

Idan kika ratsa lungunan tsohon gari, kika tsallake kekunan haya masu ƙafa uku da suka toshe ko'ina, sai ki iske doguwar ginin tashar. Ana biyan ɗan kuɗi kaɗan a ƙofa. Daga nan sai 'yan gadoji na ƙarfe su gangara da ke zuwa wasu manyan dandamalai, su ma na ƙarfe, waɗanda ke zaune a kan ruwa. An yi su haka ne saboda kogin yana cika ya batse da damina, ya kuma ja baya da rani, to dandamalin sai ya riƙa hawa da sauka tare da ruwan. A jikinsu jiragen ke kafa hanci, jere reras, kafaɗa da kafaɗa, kamar shanu a bakin mashaya. Hukumar kula da sufurin ruwa ta cikin gida, wadda aka kafa tun 1958, ita ke riƙe da wurin.

Jirage iri biyu ne suka fi yawa. Na farko ƙananan kwalekwale ne na katako, masu fito, waɗanda mutum ɗaya ke tuƙawa da filafili ɗaya yana tsaye a baya. Su ke tsallakar da mutane zuwa Keraniganj da ke ɗaya gaɓar, inda ake da shagunan ɗinki da wuraren ƙera jirage. Ga gadar Babubazar nan kusa, an buɗe ta tun 2001, amma dubban mutane kullum sun gwammace kwalekwale, don ya fi araha, ya fi sauri. Za ki ga uwa da goyo da 'yan makaranta da mai tallar kayan miya sun zauna a kan tabarma cikin ɗan jirgin da bai fi tsawon falo ba, yana kurɗawa ta ƙarƙashin hancin wani ƙaton jirgin ƙarfe da ke ja da baya. Su sun saba. Mai kallo ne cikinsa ke ɗurar ruwa.

Na biyun su ne manyan, waɗanda suke kira lanci. Jirage ne na ƙarfe masu hawa biyu ko uku ko huɗu, mafiya girmansu sun kusa tsawon filin ƙwallon ƙafa. Su ke zuwa garuruwan kudu irin su Barisal da Bhola da Patuakhali da Barguna, wasu kuma Chandpur da ke kusa. Masu dogon zango da yamma zuwa bayan isha'i suke tashi, su kwana suna tafiya, su isa da asuba. Shi ya sa in kina son ganin Sadarghat da gaske, tsakanin la'asar da isha'i za ki je. Yaran jirgi suna ta kwarara kiran sunayen garuruwa, ana busa ƙaho, 'yan dako na rige-rigen fizge kayan fasinja, masu tallar gugguru na shinkafa mai barkono da shayi da ayaba na kutsawa tsakanin jama'a.

A cikin jirgin ma duniya ce guda, kuma kowa da matsayinsa. A sama akwai ɗakuna, mai gado ɗaya da mai gado biyu, har da na manyan mutane mai na'urar sanyaya ɗaki da talabijin da banɗaki. Masu jiragen sun yi ta gasar ƙawa a shekarun baya, har wasu suka sa lif da ɗakin duba marar lafiya. Akwai wurin sallah, akwai kantin abinci inda ake soya kifin ilish, wanda suke ji da shi kamar yadda muke ji da kilishi. Amma mafi yawan fasinja ba su san ɗaki ba. A hawan ƙasa suke, wani makeken fili ne na ƙarfe babu kujera ko ɗaya. Kowane iyali zai zo da zanin gado ya shimfiɗa, iyakar shimfiɗarki iyakar gidanki har gari ya waye. A nan uwa za ta buɗe kwanon shinkafa ta ciyar da yara, ta kwantar da su, ta yi matashi da jakarta don kada a yi mata awon gaba da ita. Saboda wannan shimfiɗa ne mutane ke zuwa tun rana tsaka su kama wuri, har akan sami yaran tasha da ke kama wuri su sayar wa wanda ya makara. Ko'ina ka je a duniya, tasha ba ta rasa 'yan kamasho.

To su wane ne waɗannan mata da ke kwana a kan ruwa? Da yawansu ma'aikatan masana'antun ɗinki ne. Bangaladash na daga cikin ƙasashen da ke kan gaba wajen ɗinka tufafin da ake sayarwa a Turai da Amurka, kuma kimanin mutum miliyan 4 ne ke wannan aiki, fiye da rabinsu mata. Duba wuyan rigar yaronki ta gwanjo, ba mamaki ki ga sunan ƙasar a jiki. Wasu kuma 'yan aikin gida ne, wasu matan masu tuƙa keken haya. Mutanen kudu sun cika Dhaka ne saboda ruwa ya kore su. Kogi kan cinye gonar mutum da gidansa cikin damina ɗaya, ga kuma guguwar teku. Wadda aka yi a Bhola a 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta Sidr kuma a 2007 ta kashe dubbai. Yawancin waɗanda suka gudo birni ta Sadarghat suka shigo, da ƙunshin kaya a ka. Da yawa sun bar 'ya'yansu a ƙauye wurin kakanni, sai sallah zuwa sallah suke ganinsu.

Nan ne maganar take, 'yar uwa. Ki ɗauka ke ce kika shekara kina taka keken ɗinki daga safe har dare, an ba ki hutun 'yan kwanaki, an biya ki albashi ana jibi sallah, kin sayi 'yan riguna da takalma, yaranki na can suna ƙirga kwanaki. Kin iso tasha kin tarar jirgin garinku ya cika har rufi. Wa zai ce miki ki jira na gobe ki saurare shi? Haka dubun dubatar mutane ke kwarara cikin tashar a kwanaki uku na ƙarshe kafin kowace sallah. Wasu ba sa ma bi ta ƙofa, sai su ɗauki hayar kwalekwale su zagayo ta bayan jirgi, a miƙa jariri sama hannu da hannu, uwa ta biyo baya tana dafa ƙarfe. Hukuma ta hana wannan, ta hana hawa rufi, kowace shekara kuma sai an yi.

Idan aka ce haɗarin jirgin ruwa, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne tsakiyar kogi da igiyar ruwa da iska. Ana samun hakan. A watan Yulin 2003 jirgin Nasrin-1 da ya tashi daga Sadarghat zuwa Bhola ya nutse da dare kusa da Chandpur, inda koguna ke haɗuwa ruwa na juyawa kamar ana tuƙa tuwo, ɗaruruwan mutane suka halaka. Amma da na bi labaran haɗurran nan ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawancinsu a tasha aka ƙulla su, tun jirgi bai ɗaga ba. Shi kansa Nasrin-1 an yi masa lodin mutane da kaya fiye da ƙima. Wasu kuma a bakin tashar ma suka auku, mutane na ganin gaɓa da idanunsu.

Ɗauki na ranar 27 ga Nuwamban 2009, daren jajibirin babbar sallah. Jirgin Coco-4 ya baro Dhaka da fiye da mutum 1,000, abin da ya zarce ƙa'idarsa nesa ba kusa ba. Ya ratsa duk manyan kogunan lafiya, ya iso wata ƙaramar tasha a tsibirin Bhola. Mutane na ɗokin sauka, sai suka ɗunguma gefe guda, jirgin ya karkata, ruwa ya shiga. Fiye da mutum 50 suka rasu, akasarinsu mata da ƙananan yara, ga gida nan ana hangowa, ga kayan sallah a hannu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar 29 ga Yunin 2020 kuwa a cikin Buriganga ne, dab da Sadarghat, da safe, ba iska ba hadari. Wani ƙaramin jirgi mai suna Morning Bird yana shigowa daga Munshiganj, babban jirgi Mayur-2 ya banke shi. Kyamarar tsaro ta ɗauki abin, kuma duk wanda ya kalla ya ga cewa ko minti ɗaya ba a yi ba ƙaramin ya kife ya ɓace. Mutum 34 aka tsamo gawarsu. A daren 24 ga Disambar 2021 jirgin Avijan-10 da ya tashi daga Sadarghat zuwa Barguna ya kama da wuta wajen ƙarfe 3 na dare a kogin Sugandha, kusa da Jhalokathi. Daga ɗakin inji wutar ta tashi, mutane na barci, ga sanyin hunturu ga hazo. Fiye da mutum 40 suka rasu, wasu a wuta, wasu a ruwan da suka faɗa don gudun wuta. Mutanen ƙauyukan gaɓa ne suka fara kai ɗauki da kwalekwalensu. Bincike ya nuna an sauya wa jirgin injina ba tare da izinin hukuma ba. Wannan ma ai a tudu aka yi shi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na ranar ƙaramar sallah, 11 ga Afrilun 2024, domin babu jirgin da ya nutse, babu wanda ya ƙone. Jirage biyu na ɗaure a dandamali, na uku ya zo ya cusa kai a tsakaninsu yana neman wurin tsayawa. Igiyar da ta ɗaure ɗaya daga cikinsu ta ɗame har ta tsinke, ta yi bulala cikin mutanen da ke tsaye suna shirin shiga. In kin taɓa ganin igiyar jirgi, kaurinta ya kai damtsen mutum. Mutum 5 ta kashe nan take, uku daga ciki 'yan gida ɗaya ne, miji da matarsa da 'yar ƙaramar 'yarsu, za su gida yawon sallah. Gaggawar matuƙi guda ce ta share gida guda.

Me ya sa in jirgin iyalai ya kife aka fi tsamo gawar mata da yara? Ba wani abu ne ɓoyayye ba. Maza sukan tsaya a baki-baki ko su hau sama suna hira suna shan iska, in abu ya faru su faɗa ruwa. Mata kuwa suna can ciki a hawan ƙasa, nesa da ƙofa, inda suka shimfiɗa wa yara. Sari da suke ɗaurawa yadi ne mai tsawon gaske, in ya jiƙe sai ya yi nauyi ya naɗe ƙafa. 'Yan mata da yawa ba a koya musu iyo ba, ko kuma sun daina shiga ruwa tun suna ƙanana saboda kunya. Sannan ga babban dalilin da kowace uwa ta sani ba sai an faɗa mata ba: hannun da ya riƙe ɗa ba ya iyo, kuma ba za ta saki ba.

Ba wai babu doka ba. Dokoki kam ga su nan birjik. Kowane jirgi yana da layi da aka zana a jikinsa, in ruwa ya haura layin to lodi ya wuce ƙa'ida. Tsakanin Maris da Mayu, lokacin wata iska mai ƙarfi da suke kira kalbaishakhi, in aka ɗaga alamar gargaɗi ta biyu akan hana jiragen da tsawonsu bai kai ƙafa 65 ba tashi. An hana jiragen dakon yashi tafiyar dare, a kwanakin sallah ma akan dakatar da su gaba ɗaya, saboda sukan nutse cikin ruwa har baki, ba a ganinsu sai an yi karo. Da sallah akan girke alƙalan tafi-da-gidanka a tashar, su ci tarar mai jirgi nan take, su tilasta wa wanda ya cika ya tashi ko da lokacinsa bai yi ba. Kuma a yi musu adalci, irin nutsewar da ake yi a farkon shekarun 2000, inda ɗaruruwa ke tafiya a dare ɗaya, ta ragu sosai, manyan jiragen yanzu sun fi na da inganci. Amma jami'i guda a gaban mutum dubu masu son zuwa gida, ga mai jirgi da ke lissafin cewa ribar shekararsa a wannan mako take, kin san wanda zai yi nasara in ba a tsaya da gaske ba. Ni a ganina laifin da ake ɗora wa fasinja ya yi yawa. Matar da aka riƙe wa albashi sai jajibiri ba ita ta zaɓi cunkoso ba. Shi ya sa kusan kowace shekara gwamnati ke roƙon masu masana'antu su biya da wuri, su kuma rarraba ranakun hutu, don kada kowa ya fito rana ɗaya.

Sai kuma ga wani sauyi da ya zo wa tashar ta inda ba ta zata ba. Ranar 25 ga Yunin 2022 firayim ministar wancan lokaci, Sheikh Hasina, ta buɗe gadar Padma mai tsawon kilomita 6.15, wadda ƙasar ta gina da kuɗinta bayan Bankin Duniya ya janye a 2012. Kafin gadar, mota sai ta yi sa'o'i tana layin jirgin fito. Bayan gadar, tafiyar Dhaka zuwa Barisal da ake kwana ana yi ta koma ta sa'a uku zuwa huɗu. Nan da nan masu hali suka koma mota. Ɗakunan sama da a da sai da hanya ake samu suka zama wayam. Jiragen Barisal da kan tashi shida ko bakwai a dare suka koma biyu ko uku, ana karɓa-karɓa, wasu ma aka yanka su aka sayar da ƙarfen. A wannan shekarar ce kuma aka daina jigilar yau da kullum da tsofaffin jiragen nan da ake kira Roket, masu manyan ƙafafu a gefe da ke kaɗa ruwa, waɗanda wasunsu tun shekarun 1920 suke aiki.

Wani zai ce ai shi ke nan, an huta. Ni ban ga haka ba. Wa ya rage a jirgi? Matar da kuɗin motar mutum biyar ya fi ƙarfinta, mai jinyar da ba zai iya zaman mota ba, mai kaya niƙi-niƙi, da tsohuwar da ta fi son ta miƙe ƙafa ta yi sallarta a natse. Ga kuma mutanen Bhola, tsibiri mafi girma a ƙasar, da na Hatiya da Monpura, waɗanda gadar ba ta kai gare su ba. To abin tsoron shi ne, duk abin hawan da manya suka daina shiga, idon hukuma kan ɗauke daga kansa. Mai jirgin da cinikinsa ya faɗi, gyaran inji da sayen rigunan kariya ne farkon abin da zai tsuke wa baki, sannan in sallah ta zo ya nemi fanshe asarar wata goma sha ɗaya a mako guda. Ki lura, tsinkewar igiyar nan bayan an buɗe gadar ta faru.

Ban so in wuce ban ce komai a kan ruwan kansa ba. Da rani Buriganga baƙi ƙirin yake zama kamar bula, ga ɗoyi. Shekara da shekaru majemun unguwar Hazaribagh na zuba masa dagwalon sinadarai, sai a 2017 aka tilasta musu ƙaura zuwa Savar, amma marina da magudanan birni ba su fasa ba. A ƙasan kogin kuwa leda ce ta yi kauri, duk da cewa Bangaladash ce ƙasar farko a duniya da ta haramta ledar cefane, tun 2002. A 2019 babbar kotun ƙasar ta yanke hukuncin cewa koguna suna da haƙƙi a gaban shari'a tamkar abu mai rai. Hukuncin ya yi daɗin ji. A gefen tashar dai har yanzu za ki ga mata na wanki a ruwan, da yaran da ba su da kowa, waɗanda tashar ce gidansu, suna wanka a ciki.

Na san mai karatu da ke Yawuri ko Lokoja ko Numan tana ta gyaɗa kai tun ɗazu, don labarin bai yi mata kama da na nesa ba. Jiragenmu ba su kai nasu girma ba, amma ciwon iri ɗaya ne. A watan Mayun 2021 jirgin da ya nufi Warrah a jihar Kebbi ya dare a kogin Kwara da mutane fiye da 100. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, a Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya da za su Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka halaka a yankin Patigi ta jihar Kwara, sannan a farkon Oktoban 2024 wani jirgin ya kife da dare a yankin Mokwa ta jihar Neja, shi ma cike da mata da yara masu zuwa Mauludi. Biki, Mauludi, cin kasuwa, duk tafiye-tafiyenmu ne mu mata. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Nijeriya ta hana tafiyar dare, ta ce kada a shiga jirgi babu rigar kariya. Amma a yawancin kwatocinmu ba ko rumfar jami'i, balle wanda zai ƙirga kawuna.

Saboda haka, uwargida, ƙirgar ta dawo kanki. In kika ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, ko ana kwarfar ruwa daga cikinsa tun bai tashi ba, ko magariba ta kawo kai, ki riƙe hannun 'ya'yanki ki koma tudu, ko da dangin ango za su yi gunaguni. Kada ki yarda a raba ki da yaro a ce ya zauna can ke nan. In akwai rigar kariya ki saka, a ɗaure ta sosai a kan hijabi, ba ta hana sutura. In an iso gaɓa ki zauna har masu gaggawa su gama sauka, kada ki bi ɗungumar gefe guda, kuma ki nisanci igiyar da aka ɗame. Shugabannin ƙungiyoyin mata da malaman Islamiyya masu shirya tafiyar ɗalibai, ku ma da ku nake. Kuɗin sahu biyu bai kai kuɗin likkafani ashirin ba.

Wani abu guda da mutanen Bangaladash suka yi ya burge ni, kuma ba a tasha suka fara shi ba. Wani binciken ƙasa da suka yi a 2016 ya nuna musu kimanin yara 40 ke mutuwa a ruwa kowace rana, ƙananan cikinsu akasari a kududdufin da ke dab da gida, tsakanin hantsi da azahar, lokacin da uwa ke fama da girki da wanki. Tun kafin wannan binciken ma wata cibiyar rigakafin haɗurra ta ƙasar ta fito da tsarin da suke kira Anchal, inda ake horar da mace guda a unguwa ta riƙe yara kamar ashirin a ɗakinta daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, ana ba ta ɗan alawus. Waɗanda suka tasa kuma, maza da mata, ana koya musu iyo a cikin kududdufin ƙauye da aka kewaye da gora, har sai yaro ya iya ninƙayar mita 25. Bangaladash ce kuma tare da ƙasar Ailan suka kai batun gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021, aka ware ranar 25 ga Yulin kowace shekara don yaƙi da mutuwa a ruwa. Wasu daga cikin masu koyar da iyon 'yan mata ne, don iyaye sun fi sakin jiki su ba da 'ya'yansu mata a hannun mace.